Maganin Ciwo: Mu San Sunan Abin da Muke Haɗiya

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Zakirai da sauran ƙauyukan Gabasawa, babu mai zama. Gonakinmu manne suke da juna, ba a barin fili ya huta, kuma yawancin aikin da hannu ake yinsa: shuka, noman fari, maimai, huɗa, daga baya ga girbin gero da dawa, ga cirar gyaɗa da roron wake. Mata kuwa ga surfe, ga daka, ga ɗibar ruwa. Shi ya sa da yamma za ka ga mutane a gaban mai kemis, ko sun kewaye mai tallan magani ranar kasuwa, kowa yana cewa a haɗa masa na gajiya. Sai a ɓare ƙwaya huɗu ko biyar, wata fara, wata ja, wata ruwan ɗorawa, a ƙulle a leda. Mai saye ya haɗiye su gaba ɗaya, bai san sunan ko guda ba.

'Yan'uwa, a kan wannan muke so mu yi magana a wannan fitowa. Magungunan kashe zafin ciwo suna da amfani ƙwarai, ba mu ce a guje su ba. Amma gida-gida suke, kuma kowane gida akwai sashen jikin da yake yi wa ɓarna idan aka wuce ƙa'ida. Wanda ya san gidan da ƙwaya ta fito ya san abin da zai kiyaye.

Parasitamol

Wannan shi ne wanda kowa ya sani, ko da sunan Panadol ko da wani suna. Yana rage ciwon kai, ciwon jiki, ciwon haƙori da zazzaɓi. Ba ya cin ciki, don haka mai gyambon ciki yana iya shansa, haka ma mace mai juna biyu da mai shayarwa da tsofaffi. Duk lokacin da ciwo bai yi tsanani ba, da shi ya kamata a fara.

Ƙwayar da aka saba sayarwa miligiram 500 ce. Babban mutum yana shan ɗaya ko biyu a lokaci guda, ya jira aƙalla awa 4 zuwa 6 kafin ya ƙara, kuma kada ya wuce ƙwaya 8 a kwana ɗaya, dare da rana. Wanda ya rame sosai, ko yake da ciwon hanta, ko yake shan giya ko burkutu a kai a kai, nasa bai kai haka ba. Ya tambayi ma'aikacin lafiya tukuna.

Dalilin wannan iyaka shi ne hanta. Ita ce take narkar da maganin, kuma idan ya yi mata yawa sai ta lalace. Abin tsoron shi ne ba a gani nan da nan. Mutum zai iya shan abin da ya wuce kima yau, ya tashi gobe garau, sai bayan kwana biyu ko uku amai ya zo, idanu su yi shawara, a lokacin kuwa aikin gama ya gama. Akwai makarin wannan guba a manyan asibitoci, amma ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa 8 na farko. Saboda haka idan yaro ya sami katin magani ya cinye, kada a zauna jiran alama. A ɗauke shi tare da katin a tafi asibiti.

Mutane da yawa suna wuce iyaka ba da saninsu ba, domin parasitamol yana ɓoye a cikin wasu magunguna masu wani suna dabam. Maganin mura irin su Procold yana ɗauke da shi. Ibucap ma haka. Wanda ya sha Panadol biyu, ya bi da na mura, ya ƙara da haɗin mai kemis, ya sha abu ɗaya sau uku ke nan. A bayan kowane kwali an rubuta da ƙananan baƙaƙe abin da ke cikin maganin. Wanda bai iya karatun Turanci ba ya ba ɗan makaranta ya karanta masa.

Na yara da nauyin jiki ake auna shi: miligiram 15 ga kowane kilo ɗaya, ba fiye da sau 4 a rana ba. Misali, yaro mai kilo 8 zai sha miligiram 120, wato mililita 5 na ruwan maganin da aka rubuta 120 cikin 5 a jikin kwalbarsa. A yi amfani da ɗan murfin awo da ya zo da kwalbar, domin cokulan gidajenmu ba girmansu ɗaya ba. Mu kuma tuna cewa parasitamol yana saukar da zafin jiki ne kawai, ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a yi masa gwajin jini a ranar, ko da jikin ya yi sanyi bayan ya sha magani.

Inda aka sayi ruwan maganin yara ma abin dubawa ne. A 1990 yara 47 sun mutu a asibitin koyarwa na Jos bayan sun sha ruwan parasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba, irin wanda ake sa wa a man birkin mota. A ƙarshen 2008 abin ya sake faruwa da maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, yara 84 suka rasu a ƙasar nan, wasunsu a asibitin koyarwa na Zariya. Ƙodarsu ce ta tsaya, suka daina fitsari. Kada mu karɓi ruwan magani da aka tsiyaya daga wata jarka. A duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace. Fitar haƙori kuma ba ta bukatar wani haɗin magani.

Masu rage kumburi: asfirin da danginsa

Gida na biyu ya fi faɗi. A cikinsa akwai asfirin, da ibufurofen wanda ake sayarwa da sunan Brufen, da diklofenak, da Feldene, da Indocid. Garin Alabukun da kakanninmu suka sani, wanda Jacob Odulate ya fara haɗawa a 1918, asfirin ne da sinadarin da ke cikin goro mai hana barci. Waɗannan sun fi parasitamol aiki a inda akwai kumburi: targaɗe, ciwon gwiwa, ciwon baya, ciwon haƙori, ciwon mara na al'ada. Shi ya sa manoma suke son su, kuma su ne suka fi yawa a cikin haɗin gajiya.

Ga yadda suke aiki. Idan wani wuri ya ji rauni, jiki yana fitar da wani sinadari da ke kawo kumburi da zafi. Waɗannan magunguna suna hana fitarsa. Matsalar ita ce, wannan sinadarin shi ne kuma yake sa tumbi ya yi majinar da ke kare shi daga ruwan tsami mai narkar da abinci, kuma shi ne yake buɗe hanyar jini zuwa ƙoda. Maganin bai san gwiwa dabam, tumbi dabam ba. Kamar maganin feshi ne da ba ya bambanta ciyawa da wake.

Don haka wanda yake shansu kullum, musamman da safe ciki ba komai, yana kiran gyambon ciki. Da farko zafi ne a ƙahon zuciya. Idan abin ya yi nisa gyambon yakan yi jini, bayan gida ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, ko mutum ya yi aman jini, ko tumbin ya huje gaba ɗaya. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya daina maganin nan take, a kai shi asibiti a ranar.

Maganar ƙoda ta fi shafarmu mu manoma. Mutumin da ya wuni a rana yana huɗa ya zubar da gumi mai yawa, ruwan jikinsa ya ragu, ƙodarsa tana aiki da ɗan jinin da ke isa gare ta. Idan ya dawo ya haɗiyi diklofenak da Feldene tare, ya ƙara toshe ɗan abin da ya rage. Kwana ɗaya ba lallai a ga komai ba. Amma damina bayan damina, ƙoda tana raguwa shiru, ba ta ciwo, sai ranar da ƙafa da fuska suka kumbura. Wanda ƙodarsa ta mutu sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako a manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano, kuma mun san iyalai nawa ne a cikinmu za su iya wannan ko da sun sayar da gona da shanun huɗa.

Idan za a sha, ga ƙa'ida. A sha ɗaya tak daga wannan gida, kada a haɗa biyu, domin haɗawar ba ta ƙara sauƙi, ɓarna take ƙarawa. A sha bayan an ci abinci, ko da kunu ne ko fura, a bi da ruwa mai yawa. Ibufurofen na babban mutum miligiram 200 zuwa 400 ne, har sau 3 a rana, na 'yan kwanaki kaɗan. Idan mako ya zagayo ciwo bai tafi ba, a je a duba dalili.

Akwai waɗanda bai kamata su taɓa wannan gida ba sai da izinin likita: mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai hawan jini, mai asma da ya taɓa lura maganin yana tayar masa da ita, da tsofaffi. Mace mai ciki ta guje su, musamman daga tsakiyar cikin zuwa haihuwa, domin suna iya cutar da jaririn su kuma ƙara zubar jini. Yaron da bai kai shekara 16 ba kada a ba shi asfirin ko Alabukun, domin a lokacin zazzaɓi ko ƙarambau yana iya jawo wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Yaron da ke gudawa da amai kuma kada a ba shi ibufurofen.

Wani abu da ya kamata kowane manomi ya riƙe: idan maciji ya sari mutum, kada a ba shi asfirin ko wani daga danginsa. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, waɗannan magunguna kuma suna ƙara tsinka shi. Parasitamol kaɗai za a ba shi, a hanzarta zuwa inda ake da allurar dafin maciji.

Novalgin da ake kira Analgin kuwa, NAFDAC ta hana shi tun 2005. Wanda ya gan shi a tiren mai talla ya san ta bayan gida ya shigo.

Baƙon da ke cikin haɗi

Sau da yawa a cikin ƙullin akwai wata 'yar ƙaramar ƙwaya da ba ta cikin magungunan ciwo ko kaɗan, wato deksametazon ko firednisolon. Ita ce take sa mutum ya ji jikinsa ya saki washegari, har ya yabi mai kemis. Magani ne mai ƙarfi da likitoci suke ba mai asma, ko mai kuturta idan jijiyoyinsa suka kumbura, kamar yadda ake yi a asibitin Yadakunya, amma da awo da sa ido. Wanda ya ɗauki watanni yana shanta da kansa, fuskarsa za ta cika ta yi zagaye, mutane su ce ya yi ƙiba, alhali suga da hawan jini ne suke shigowa, ƙashi yana yin laushi, ciwo ba ya warkewa da wuri. Idan kuma ta haɗu da diklofenak, gyambon ciki ya fi saurin zuwa. Wanda ya daɗe a kanta kada ya yanke rana ɗaya, jiki zai iya faɗuwa. Ma'aikacin lafiya ne zai rage masa sannu a hankali.

Haƙƙinku ne ku tambayi mai sayar da magani sunan kowace ƙwaya, ku ce a ba ku a cikin katinta. Mai kemis na ƙwarai ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Tiramol, kodin da mofin

Gida na uku ba a wurin ciwon yake aiki ba, a ƙwaƙwalwa yake aiki, ya rage yadda mutum ke jin zafin. Uban gidan shi ne mofin, wanda ake samu daga wani fure. Kodin da tiramol da allurar Fortwin duk danginsa ne. An yi su ne don ciwo mai tsanani: karaya, ƙuna, bayan tiyata, ciwon daji, tashin ciwon sikila. Doka ba ta yarda a sayar da su ba sai da takardar likita.

Mun san abin da tiramol ya yi wa samarinmu. Ya shigo a matsayin maganin ƙarfin aiki. Ɗan ƙwadago ya sha ya nome abin da mutum biyu za su nome, bai ji gajiya ba. Amma gajiyar tana nan, jinta ne kawai aka ɗauke. Bayan 'yan makonni ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai uku. Ranar da bai samu ba sai ciwon jiki, gumi, hamma, gudawa, rashin barci da faɗa da kowa. A nan kuɗin ƙwadagon ya koma aljihun mai ƙwaya. Ƙarfin da hukuma ta amince da shi miligiram 50 ne da 100, amma wanda ake shigowa da shi a ɓoye yakan kai 200 ko 225. Irin wannan yana sa mutum ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko a gona ko a kan babur, kuma idan ya haɗu da giya ko maganin barci yana iya tsayar da numfashi.

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Nijeriya sun sha irin waɗannan magunguna ba don jinya ba, kuma a Jihar Kano kusan mutum 1 cikin 6 masu shekara 15 zuwa 64 ya yi amfani da wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani rahoton BBC da aka ɗauki wani sashensa a Kano. Da aka matsa wa tiramol, sai masu fataucin suka kawo wata sabuwar ƙwaya, irin su Tafrodol, wadda ta fi shi haɗari. A watan Fabrairu na 2025 ƙasar Indiya ta hana yinta da fitar da ita. Sunan da launin katin suna canzawa, don haka iyaye kada su tsaya neman kalmar tiramol kaɗai.

Idan kun sami mutum yana barcin da ba ya tashi, numfashinsa yana fita da ƙyar jefi-jefi, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, ku kwantar da shi a gefensa ku nemi mota. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. Akwai allurar da ke karya wannan maye a asibiti.

Wanda ya riga ya kamu yana bukatar jinya. Duka da ɗauri da kora daga gida ba su raba kowa da ƙwaya ba. A Kano akwai asibitin Dawanau da sashen masu irin wannan matsala a asibitin Malam Aminu Kano. Dattawan ikkilisiya da shugabannin matasa za su iya raka shi, su riƙa leƙa shi bayan ya dawo, domin watannin farko ne suka fi wuya. Mu kuma masu ɗaukar 'yan ƙwadago ko kiran gayya, mu dubi abin da muke nema daga jikin mutum a wuni ɗaya. A kai ruwa gona isasshe, a bar mutane su sha inuwa idan rana ta take.

Sai dai kada tsoron tiramol ya sa mu faɗa wani ramin. Akwai 'yan'uwanmu da ke kwance da ciwon daji, ko yara masu sikila da ciwon ƙashi yake tayar musu cikin dare, waɗanda parasitamol ba zai yi musu komai ba. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a bi ciwon daji hawa-hawa: a fara da na gida na ɗaya ko na biyu, idan bai isa ba a hau zuwa na uku, har zuwa mofin na sha, a kan lokaci, ba sai mara lafiya ya yi kuka ba. Idan likita ya rubuta mofin, wasu iyalai sukan ƙi, suna cewa zai mai da mara lafiya ɗan ƙwaya ko zai gaggauta mutuwarsa. Idan an bi awon likita ba haka ba ne. Yana ba mutum damar yin barci, ya ci abinci, ya yi magana da 'ya'yansa. Yakan kawo taurin bayan gida, don haka a nemi maganin wannan tun farko, a kuma ɓoye kwalbar inda yara da samari ba za su kai ba. Zumuntar mata da masu ziyarar marasa lafiya, idan kun tarar da wani cikin irin wannan azaba, ku ƙarfafa iyalin su koma asibiti su faɗa wa likita a fili cewa maganin bai isa ba.

Masu sikila su yi hattara da allurar Fortwin a gida. Tana kama mutum, kuma yawan yinta a wuri ɗaya yana sa naman cinya ya taurare ya zama gyambon da ba ya jin magani. Ko ba ita ba, yawancinmu mun ɗauka allura ta fi ƙwaya ƙarfi. Ga wanda zai iya haɗiya, ƙwaya tana yin aikin da allura za ta yi, ba tare da haɗarin ƙurji, ko taɓa jijiyar ƙafar yaro, ko ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga allurar da aka yi wa wani ba.

Sauran, da ciwon da ba a rufe wa baki

Man zafi irin su Robb da Aboniki yana taimaka wa ciwon tsoka da gaɓoɓi, kuma bai taɓa tumbi ba. Kada dai a shafa a kan rauni, ko a hancin jariri. Tsumma da ruwan ɗumi a baya, tausa, da kwana ɗaya na hutu sukan yi abin da ƙwaya biyar ba su yi ba. Ciwon jijiya kuma, wanda ake ji kamar wuta ko tsira allura a tafin ƙafa, kamar na masu ciwon suga, ba ya jin duk waɗannan. Yana da nasa magani dabam da likita ke rubutawa, wanda sai an yi mako biyu ko fiye ana sha kafin a ji sauƙi.

Akwai kuma ciwon da ƙararrawa ne, wanda idan aka kashe shi da ƙwaya an ɓata lokacin ceton rai. Ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da taurin wuya, musamman a bazara, alamar sanƙarau ce. Mai ciki da kanta ke sarawa, fuska da hannu suka kumbura, tana gani dishi-dishi, jininta ne ya hau, kuma jijjiga na iya biyowa baya. Ciki da ya taurare kamar katako bayan kwanaki ana zazzaɓi, ko ƙabar da ta fito ta ƙi komawa tana ciwo, aikin tiyata ne. Haka ciwon ƙirji mai danne mutum da gumi. A duk waɗannan a nemi abin hawa nan take, dare ko rana, kuma a tafi da katin ko ledar duk abin da mara lafiya ya riga ya sha, a nuna wa ma'aikacin da ya karɓe shi.